Sarƙar Furen Nababa

Duk wanda ya sauka daga kwalta ya nufi Kanyar Goje, gonar da zai fara takawa a hannun dama ta Nababa ce. Gona ce ta gado, ba wata babba ba, amma ta sha taki tun zamanin kakansa har ƙasarta ta yi baƙi wuluk. Dawa a tsakiya, wake a ƙarƙashi, gyaɗa ta gefe, ga ɗorawa guda a kusurwa wadda matarsa Aina'u take yin daddawa da kalwarta. Gonar nan ita ce tuwon gidan, ita ce miyar gidan, kuma ba su da wata. Ga shi birni yana ta matsowa. Gine-ginen da a da sai ka hau keke ka je Bacirawa kafin ka gan su, yanzu daga gindin ɗorawar ana hango kwanon rufinsu yana ƙyalli.

To amma ka tare Nababa ka ce masa, "Malam, me ka mallaka a duniya?" Wallahi ba gonar zai fara ambata ba. Fure zai ce maka.

Furen nan kuwa ba na bishiya ba ne. Sarƙa ce ta furannin roba, ja da rawaya da wani launi da a da fari ne, an jera su a jikin zare mai ƙarfi, irin wadda ake rataya wa babban baƙo a wuya a wajen taro. A duk faɗin Kanyar Goje da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sarƙar fure guda ɗaya ce tal, kuma ta Nababa ce. Shi ya sa sunansa ya koma Nababa Mai Fure. Shi dai ya fi son a ce masa Sarkin Baƙi, sarautar da babu wanda ya naɗa shi, babu kuma mai kiransa da ita sai shi da kansa.

Yadda ta shigo hannunsa ma abin dariya ne. A zamanin mulkin soja aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse, kantoman ƙaramar hukuma ya zo buɗewa. Nababa a lokacin saurayi ne, dogo, siriri, mai son a gan shi. Ya yi ta kutsawa gaba, ɗan sanda yana mayar da shi baya da kulki, ya sake kutsawa, a sake mayar da shi. Daga inda aka tokare shi ya ga wani malamin ofis ya zaro sarƙar fure daga cikin leda, ya taka har gaban kantoma, babu wanda ya ce masa uffan, ya ɗaga hannu zai rataya masa. Kantoma fa, mutumin da dagaci ma sai ya cire takalmi kafin ya gaishe shi, sai ga shi ya sunkuyar da kai gaban malamin nan. Mai hoto ya ɗauka. A nan Nababa ya gano abin da ya zame masa aiki har tsufa, wato duk girman mutum sai ya sunkuya wa mai rataya masa fure.

Kantoma bai yi nisa da jawabi ba robar ta fara yi masa ƙaiƙayi, ga zafi, ya cire ta ya yar a kan benci. Da aka tashi, kowa ya ruga kallon ruwa yana fitowa daga famfo. Nababa ko kallon ruwan bai yi ba. Ya bi ta bayan rumfa, ya cusa sarƙar cikin riga, ya nufi gida a duƙe kamar mai ciwon ciki. Rijiyar ta lalace kafin kaka ta zagayo, sarƙa kuwa tana nan daram.

Ba a daɗe ba ya auri Aina'u, 'yar maƙwabtansu, mace mai aiki kamar me, mai baki kuma daidai da aikin. Tana tarewa ya nemi aron kwalla mai murfi daga cikin kayan jerenta, ya shimfiɗa tsumma a ciki, ya kwantar da sarƙar, ya jefa kafur. Aron nan har yau bai dawo ba. Duk ranar da za a yi baƙo, da sassafe zai tashi ya wanke ta da omo da tsohon burushin haƙori, fure bayan fure, ya shanya a igiya, ya zauna gadi yana korar kaji. Rigar jikinsa kuwa sai Aina'u ta yi faɗa kafin ya tuɓe a wanke. Shekarar da ɓera ya shiga kwallar ya gatsi wasu furanni, tuwo ma daina yi masa daɗi ya yi, har sai da ya lallaɓi wani direban bas ya cire masa madadinsu daga adon gaban motarsa.

Wuyan da sarƙar nan ba ta hau ba sai wanda bai zo Kanyar Goje ba. Malamin gona ya sha ta, masu ƙidaya sun sha ta. 'Yan takara kuwa ba a magana. A wata kakar zaɓe ta hau wuyan mutum da hantsi, da la'asar ta hau na abokin hamayyarsa, gumin na farkon bai ko bushe a jikinta ba. Da aka yi masa magana sai ya ce fure ba shi da jam'iyya. Akwai ranar da wata farar mota ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar gidan dagaci, wani mutum mai jaka ya fito. Nababa ya rugo yana haki, ya rataya masa, ya yi masa barka da zuwa da sunan gari baki ɗaya. Mutumin ya yi godiya, ya sa aka sauke tsani, ya hau ya yanke wa garin wuta da fure a wuyansa.

Wahalar aikin ba ratayawa ba ce, karɓowa ce. Baƙi da yawa suna zaton kyauta aka ba su. Don haka da zarar an shafa fatiha, Nababa zai manne wa baƙo, ya raka shi har ƙofar mota, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, kayan jama'a." Wasu su yi dariya su cire, wasu su ɓata rai su cire. Wani ɗan takarar kansila ya taɓa yin kamar bai ji ba, ya ja gilashi, mota ta tashi. Nababa ya haye bayan ɗan acaɓa babu ko hula, suka bi su har Bacirawa, ya tare motar a wajen cunkoson 'yan kasuwa, ya karɓi abarsa a gaban jama'a. Ranar nan ya bar shuka rabi, Aina'u ce ta biya wasu suka ƙarasa da ribar daddawarta. Haka dai aka yi ta yi shekara da shekaru. Noma kam yana yi, ba a ce rago ba ne, amma ƙarar mota guda ta isa ta raba shi da fartanya.

A majalisar ƙofar masallaci ya mayar da kansa malamin fure. Ya taɓa ji a rediyo cewa mutanen Rum na zamanin da sukan naɗa wa gwanin tsere ko jarumin yaƙi ganye a ka, sai ya riƙe wannan yana bayarwa kamar da shi aka yi. A cewarsa talauci ne ya sa su, don da sun sami roba ba za su kula ganye ba, abin da kafin la'asar ya yi yaushi. Ranar da ya gani a talabijin ɗin mai shayi manyan sojoji suna ajiye zoben fure a ƙasa don tunawa da 'yan'uwansu da suka mutu a yaƙi, kofin hannunsa sai da ya kusa suɓucewa.

"Fure a ƙasa?" in ji shi. "Ga wuya nan birjik a tsaye, a rasa inda za a sa shi sai ƙasa? Allah wadaran ɓarna!"

Mai tanka masa kullum shi ne Sha'aban, taubashinsa, wanda gonarsa take manne da ta Nababa. Sha'aban gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya ko da shi ne ya ba da ita.

"Kai dai Nababa," ya ce masa wata rana, "abin nan naka gammo ne da ya yi wa kai yawa ya zarce wuya. Gara ma gammo, yana ɗaukar kaya."

"Rashin sani dai ba kyau," in ji Nababa. "Gammo na ɗan dako ne, rawani na mai gari, fure na baƙo. Kowane kai da abin da ake naɗa masa."

"To kai wanne aka taɓa naɗa maka?"

Majalisa ta fashe da dariya. Nababa ya yi yaƙe, amma maganar ta soke shi ƙwarai, don gaskiya ce. Gemunsa ya yi fari yana ɗaga hannu sama da kan mutane, shi kuwa ko a mafarki ba a taɓa rataya masa komai ba. A cikin duk manyan da ya tarba babu wanda ya taɓa tambayar sunansa.

Ana nan sai labarin Alhaji Abdulrashid ya iso. Alhaji Abdulrashid mai kamfanin yanka filaye ne, yana karɓar gonaki ya yanka su fuloti-fuloti ya sayar wa mutanen birni. Ya riga ya gama da ƙauyen da ke gabas da Kanyar Goje, kuma kowa ya san yadda aka yi. Ya je ne da sunan gaisuwa, mutanen kirki suka shimfiɗa masa tabarma, suka kawo fura, masu hotonsa suka ɗauka. Da manoma suka je kai kuka daga baya, sai aka nuna musu hotunansu suna washe baki, aka ce ai da yardarku aka yi. Abin da aka ba su diyya bai sayi ko gefen wata gonar ba. Yanzu ga shi ya aiko cewa yana nan tafe Kanyar Goje gaisuwa.

Sha'aban ya tara magidanta bayan la'asar. Mutanen Kanyar Goje ba sa iya kallon babban mutum su ce masa a'a, wannan ba ya cikin tarbiyyarsu. Amma suna da tasu hanyar ƙi, wadda suka gada. Idan ba a son abin da baƙo ya zo da shi, sai ya tarar da gari wayam. Ba tabarma, ba ruwa, ba sannu da zuwa. Ya tsaya ya gaji, ya gane da kansa, ya koma, ba a yi faɗa da kowa ba.

"Ranar kowa ya tafi gona," in ji Sha'aban. "Mata su ja ƙyaure. Kada wanda ya fito, kada wanda ya leƙo."

Yana rufe baki, duk majalisar ta juya tana kallon mutum guda. Ko liman sai da ya waiwaya.

Nababa ya miƙe a fusace. "Ni kuke kallo? Haba jama'a! Gonar wa ce a bakin titi? In aka fara yanka, ta kaina za a fara. Kun mai da ni mahaukaci ne?"

"Mu dai ka ba mu sarƙar mu ajiye maka," in ji Sha'aban.

"Ba ta taɓa kwana gidan wani ba, ba kuma za ta fara yanzu ba. Na ce ba zan fita ba, ba zan fita ba."

Kuma a gaskiya har zuciyarsa ya faɗa. Tsoro ya kama shi sosai. A kwanakin nan sai ya je gonar ya tsaya kawai yana kallonta, abin da bai saba ba. Damina ta yi kyau, dawa ta kai gwiwa, ganyenta ya yi kore shar. Ya tuna babansa yana koro jakai da mangalar taki daga birni. Ya tambayi kansa, idan babu wannan ƙasar, me tsoho kamarsa zai yi?

Aina'u ta ji rantsuwarsa, ta kuma san mijinta. Ta jira har ya fita. Ta buɗe kwalla ta ɗauke sarƙar, ta cusa ta can ƙarƙashin tsofaffin buhunan da take rufe kalwa da su idan tana son ta ruɓa ta zama daddawa. Ta san ko kusa da wurin ba ya zuwa, saboda wari.

Ranar ta zo. Tun da hantsi gari ya yi tsit, sai kukan tumaki. Dagaci ma ya tuna yana da mara lafiyar da zai duba a wani gari. Nababa yana cikin dawarsa yana maimai, ya ba titi baya da gangan. Rashin sa'arsa, gonarsa ce a bakin hanya. Ya ji ƙarar motoci sun sauka daga kwalta. Ya ce ba zai duba ba. Ya duba.

Manyan motoci ne masu baƙin gilashi, suka wuce shi a hankali suka tsaya a gindin tsamiya. Daga inda yake yana hango komai. Alhaji Abdulrashid ya fito cikin farar shadda mai maiƙo, ya gyara hula, ya tsaya yana jiran a taho. Babu wanda ya taho. Mutanensa suka yi sallama a ƙofar dagaci, shiru. Wata akuya ta zo ta shinshina tayar mota ta wuce. Alhaji ya dubi agogo, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Dabarar Sha'aban tana aiki sarai, kaɗan ya rage mutumin ya koma motarsa.

Nababa kuwa yana can yana shan azaba. Gumi ya jiƙa shi, ba na noma ba. Baƙo a tsaye! A Kanyar Goje! Yana raye, yana da ƙafafu! Gobe a birni za a ce an je wani gari ba a sami ko mai cewa sannu ba, a tambaya wane ne Sarkin Baƙinsu. Ya sari ƙasa, ya sari dawa guda bai sani ba. Sai ya ce wa kansa, to ai ba tarba zai yi ba. Zuwa kawai zai yi ya gaya musu babu kowa, don kada bayin Allah su yi ta tsayuwa. Wannan ai taimako ne. Kuma mutum ba ya zuwa gaban babban mutum da rigar noma, bari ya biya gida ya sauya. Kai, Allah ya raba mu da zuciya mai kawo wa mutum hujja!

Ya shiga gida ya zura babbar riga. Hannunsa da kansa ya kai kan kwalla. Wayam. Ya tsaya cak, ya dubi tsakar gida, ya tambayi kansa ina ne wurin da Aina'u ta tabbata ba zai taɓa ba. Shekarun aure ba wasa ba ne, ita ta san shi, shi ma ya san ta. Ya toshe hanci ya nufi buhunan daddawa.

Yana juyowa da sarƙar a hannu ya tarar da ita ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, ina za ka?"

"Yanzu zan dawo."

"Malam, ka dubi girman Allah. Gonar nan ita muke ci. Ba mu da ɗan da zai aiko mana daga birni, ba mu da shago. Ka mayar da abin nan ka koma gona."

"Ke, rataya fure sayar da gona ne? Zan rataya masa, in gaya masa gaskiya ido da ido cewa ba ma sayarwa. Ai sai an karrama mutum yake jin magana."

"Kai za ka gaya masa? Kai da in ka ga babbar riga bakinka rawa yake yi?"

Ta kama gefen rigarsa da hannu biyu. Muryarta ta karye, ita da ba a taɓa jin ta roƙi kowa ba. "Don Allah, Malam. Yau ɗaya dai. Don Allah."

Ya ji tausayinta har cikin ransa, ya kusa zama. Sai ya ji an buɗe ƙofar mota a waje, alamar baƙi za su tafi. Ya fizge rigar ya fita da gudu.

"Maraba! Maraba da manyan baƙi! Lale marhabin!"

Alhaji Abdulrashid har ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ya fito da ita. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir, ya yafito mai ɗaukar bidiyo da ido. Yaran gari kuma da aka tsare a gida, jin muryar Nababa suka ɗauka an ɗage doka, suka ɓarko waje suka cika gindin tsamiya. Nababa ya ɗaga sarƙa sama, Alhaji ya sunkuya, fure ya sauka a kan farar shadda tare da warin daddawa mai tashin kai. Hancin Alhaji ya motsa, idonsa ya kawo ruwa, amma murmushinsa bai gusa ba. Ɗan kasuwa ne na gaske.

"Baba, a sake," in ji mai bidiyo. "Ban samu da kyau ba."

A sake! Tunda Nababa yake, ba a taɓa ce masa ya sake ba. Ya cire, ya ja da baya, ya gyara hula, ya tako a hankali ya sake ratayawa, ya juyo da fuska wajen na'ura ya buɗe haƙora gaba ɗaya.

Alhaji ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Baba, wane ne kai a garin nan?"

"Nababa sunana. Ni ne Sarkin Baƙi."

"Allah ya ja zamanin Sarki!" in ji Alhaji da ƙarfi, mutanensa suka amsa da amin, ɗaya har da jinjina.

Nan Nababa ya narke. Abin da ya jira tun yana saurayi ke nan, yau ga shi a gaban yaran gari. Ƙwalla ta cika masa ido. Sai can ya tuna akwai maganar da ya zo faɗa.

"Ranka ya daɗe, sai dai batun gonakin nan, wato jama'a suna ganin kamar..."

"Kada Sarki ya damu. Za mu zauna. Ai mun zama ɗaya."

"To madalla, madalla," in ji Nababa.

Iyakar gaskiyar da ya gaya masa ido da ido ke nan. Ana kashe na'ura Alhaji ya cire sarƙar da sauri ya danƙa masa, ya shige mota yana goge wuya da hankici. Nababa ya koma gida yana cewa bai taɓa ganin mutumin kirki irin wannan ba, baƙon farko da ya mayar da kayan jama'a ba a tambaye shi ba. Aina'u tana zaune a bakin murhu babu wuta. Ba ta ɗaga kai ba.

Da yamma Sha'aban ya zo har ƙofar gida. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya ce, "Nababa, ka kashe mu," ya juya. Daga ranar wasan taubasantaka ya ƙare tsakaninsu. A masallaci idan Nababa ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa.

Magidanta suka haɗa kai suka tafi birni kai kuka a ofishin da ake kai irin wannan kuka. Jami'in ya saurare su har suka gama, sannan ya juyo musu da wayarsa. Ga tsamiyarsu, ga 'ya'yansu suna tsalle, ga dattijo cikin babbar riga yana rataya wa Alhaji fure, ana jinjina masa ana kiransa Sarki.

"Wannan ba mutuminku ba ne?" in ji jami'in. "Garin da ba ya so, basarakensa yake fitowa da fure?"

Sha'aban ya buɗe baki zai yi bayanin cewa mutumin nan ba basarake ba ne, kuma ko mai yankan wuta ya taɓa rataya wa. Ya ga bayanin ya fi hoton ban kunya, ya fasa. A faɗi gaskiya, ba hoton kaɗai ya ci gonakin ba, Alhaji yana da wasu hanyoyin da ya bi ta sama. Amma hoton ne ya rufe bakin mutanen Kanyar Goje a ranar da suke da bukatar baki.

Ba a jira kaka ba. Dawa ta fara fitar da kai aka zo da katafila, kuma kamar yadda Nababa da bakinsa ya faɗa, ta kansa aka fara, don a gonarsa za a yi ƙofar shiga. Yana tsaye yana kallo ƙarfen ya bi ta kan dawa da wake da gyaɗa ya tattara su gefe guda. Ɗorawa ta ɗan yi gardama, aka kewaye ta aka tunkuɗe. Da ta faɗi, Nababa ya durƙusa ya ɗora hannu a ka ya yi kuka da murya, kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne babansa. Babu wanda ya je ya ɗaga shi.

Bayan an share fili aka zo da wani ƙaton allon talla, tsayinsa ya fi soron dagaci, aka kafa shi daidai inda ɗorawar take. Ga zanen gidaje masu jan rufi, ga lambar waya, ga kuma hoton Alhaji Abdulrashid ya sunkuya, Nababa yana rataya masa fure, haƙoransa a waje, kowane ɗaya ya kai girman faranti.

Wata safiya Aina'u ta je ɗibar abin da ya rage na rassan ɗorawarta don girki. Nababa ya biyo ta ya tsaya a gindin allon, ya rasa abin yi da hannuwansa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Wani ɗan acaɓa da ya ɗauko fasinja daga birni ya rage gudu, ya dubi allon, ya dubi tsohon, ya sake duban allon.

"Kai! Baba, ba kai ne wancan ba?"

Kafin Nababa ya ankara, hannunsa ya kai kan hula ya gyara ta, ƙirjinsa ya ɗan taso.

"Ni ne," in ji shi.

Aina'u ta gama ɗaure itacenta, ta ɗora a ka, ta zo ta gabansa ta tsaya. Ba ta dubi mijinta ba, allon ta ɗaga ido ta duba.

"To Malam, tunda kun saba, ka tambaye shi ko yana da dawar da zai ba mu. Ta rumbu ba za ta kai mu azumi ba."

Ta wuce. Nababa ya sauke hannunsa daga kan hula, ya bi bayanta zuwa gida.